Me ya sa hanyar da muka gyara bara ta sake ɓallewa bana?

Ƙauyen kakannina na wajen uwa yana gindin wani tudu ne a kudancin jihar Gombe, can yankin Kaltungo. Hanya ɗaya tak ke sauko da mutanen unguwar kan tudu zuwa bakin titi. Ita mata ke bi da kayan kasuwa, ita 'yan acaɓa ke bi, ta nan ake sauko da mara lafiya. Mota ba ta hawa, babur biyu ma da ƙyar suke gifta juna. Wata shekara cikin Agusta aka kwana ana sheƙa ruwa da iska, gari ya waye tsakiyar hanyar ya tsage tun daga sama har ƙasa, zurfin ramin ya kai gwiwa, wani wurin har cinya. Mai unguwa ya sa aka yi shela, aka yi karo-karo aka sayi marmara tifa biyu. Direba ya juye ta a gindin tudu ya yi gaba, ranar Asabar aka fito gayya.

Ina cikin masu ɗaukar kwano a ka. Daga hantsi zuwa la'asar mun haura da marmarar nan kaf, da baro da kwanon sarki da tsofaffin buhunan taki. Muka cike rami, muka bi da ƙafa muka tattake, aka kawo kunun tsamiya, liman ya yi addu'a, samari suka ɗauki hotuna suka watsa a WhatsApp. Kawuna, wanda ƙafa ta hana shi aikin, yana zaune a kan wani dutse yana kallo. Da na je gaishe shi sai ya ce, "Ɗana, sannunku da aiki. Amma ina kuka ce wa ruwan ya bi?" Na ce, "Kawu, ai mun toshe masa hanya." Ya ce, "To madalla. Ka taɓa ganin ruwa ya koma sama?"

Ba a yi mako uku ba aka sake yin ruwa mai ƙarfi. Ya kwashe marmarar da muka wuni muna dako, ya je ya jibge ta a gonar wani bawan Allah da ke ƙasa, ya binne masa kunyoyin masara. Rami ya dawo, har ya ƙara faɗi. Kuɗinmu da guminmu suka koma hakkin maƙwabci a wuyanmu.

Na daɗe ina ɗaukar maganar Kawu a matsayin irin tsiyar da dattawa kan yi wa samari. Waɗanda suka sa na koma na sake auna ta wasu mutane ne masu wasa da keke a dawa, a ƙasar da ban taɓa takawa ba. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar da aka raɗa wa suna Helene ta afka wa kudu maso gabashin Amurka, ta hallaka mutum sama da 200. A tsaunukan yammacin jihar Karolina ta Arewa akwai inda aka auna ruwa sama da milimita 750 cikin kwana uku, wato kusan abin da garin Gombe ke samu a damina guda sukutum. Dajin gwamnati na Pisgah, wanda ya yi suna a wajen masu hawan keken tsauni, sai da aka rufe shi. Itatuwa sun zube a kan turbobi, gadoji sun tafi, ƙasa ta zabtare. Cikin waɗanda suka duƙufa wajen sharewa da gyarawa har da mahaya keken da kansu, ba tare da an biya su ko sisi ba. Masu keken Sukotland ma sun ɗanɗana irin wannan a Nuwamban 2021, lokacin da guguwar Arwen ta kayar da miliyoyin itatuwa ta toshe turbobin dazuzzuka irin su Glentress.

Shi keken tsauni keke ne mai faffaɗar taya mai haƙora, da giya rututu, da shokozoba mai shanye gargada. Wasan ya samo asali ne a shekarun 1970 a yankin Marin na Kaliforniya, ya shiga gasar Olamfik a 1996 a Atlanta, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe. Turbar da suke bi ƙasa ce zalla, ba kwalta ba siminti, sau da yawa faɗinta bai kai mita ɗaya ba. Tun da wuri hukumomin dazuzzuka suka fara rufe musu turbobi bisa zargin cewa tayoyinsu na lalata ƙasa, shi ya sa a 1988 wasu ƙungiyoyinsu a Kaliforniya suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya mai suna IMBA. Tunda ba su da hujjar da ta wuce su nuna a aikace, dole ta sa suka zama gwanayen gina turbar da ruwa ba ya ci. Masu aikin sa-kai ake ce musu, kodayake a wajenmu yanzu in ka ce 'yan sa-kai, bindigar toka mutane ke hangowa. Mu dai gayya muka sani, kuma gayyar ce.

Wani zai ce me ya haɗa hanyar kai amfanin gona da filin wasan masu hali? Abin da ya haɗa su ƙasa ce da gangara da ruwan sama, kuma waɗannan ba su san fasfo ba. Injiniyan titi yana aiki da katafila da kwalbati da kwalta, darasinsa ba ya yi wa mai shebur amfani sosai. Su kuwa masu keken nan mafi yawan gyaransu da hannu suke yi, da kayan da ba su wuce dangin diga da fartanya da manjagara ba, a kan hanyar da faɗinta ya yi kusa da tamu.

A fara da lissafin da ya kamata a ce mun yi kafin mu sayi marmara. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi lita ɗaya ce. Ɗauki hanya mai faɗin mita 2 da tsawon mita 100. In aka yi ruwa milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a Agusta, to lita 10,000 ta sauka a kan wannan ɗan yankin kaɗai. Jarka 400 ke nan mai cin lita 25. Ba a ma lissafa wanda ya gangaro daga gonaki da duwatsu da rufin kwanon gidajen da ke sama ba, wanda sau da yawa ya ninka wancan. Ƙasar hanya kuwa ƙafa da kofato da taya sun daddale ta, ba ta shan komai. Duk jarkokin nan dole su tafi wani wuri.

Yadda hanya ke rikiɗa ta zama rafi a hankali yake faruwa. Ana bin tsakiya, tsakiya na lotsewa. Ƙasar da ƙafa ta ture tana taruwa a gefe, ciyawa ta riƙe ta, ta zama ɗan gaɓa. Shekara biyu uku, hanya ta koma kamar kwami, ruwan da ya shigo ba shi da ƙofar fita sai ya miƙe ya bi gangara. Yana tafiya yana ƙara yawa, yana ƙara gudu, kuma in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake duka da shi ninki huɗu yake yi. Ɗan acaɓa da ya danne birkin baya yana jan taya a gangara shi ma ya taimaka, ya zana wa ruwa layin da zai fara ci. Saboda haka ramin da muka gani da safe, ruwan daren bai ƙirƙire shi ba, ƙarasa shi ya yi. Da muka cike shi da sabuwar marmara marar kama jiki, muka bar kwamin yadda yake, mun zuba wa ruwan abin da ya fi sauƙin ɗauka ne a daidai hanyar da ya riga ya saba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Duk ƙa'idojin masu keken tsauni, in ka tattara su, amsar tambayar Kawu suke bayarwa. Suna so ruwa ya tsallaka hanya a shimfiɗe, siriri, ba gudu, maimakon ya bi ta a tsaye. Kuma suna so ya fita da wuri, sau da yawa, kaɗan-kaɗan, kafin ya tara ƙarfi.

Na farko shi ne karkata fuskar hanya. In hanya tana ratsa jikin tudu, sai a sa gefenta na waje ya ɗan fi na ciki ƙasa, kimanin kashi 5 cikin 100. A hanya mai faɗin mita 2, santimita 10 ke nan, kamar faɗin tafin hannu. Mai tafiya ba zai ji ba, amma ruwa zai ji. Su kan gwada da ƙwallo, su ajiye su ga inda za ta gangara. Mu buta ta wadatar: tsiyaya ruwa a tsakiyar hanya, in ya nufi gefe aiki ya yi, in ya miƙe ƙasa da sauran aiki. A tsohuwar hanya, wannan yana nufin a kankare gaɓan nan na gefen waje da ya kulle ruwa. Aiki ne marar kwarjini, ba ya kyau a hoto, ba a sayen komai dominsa, kuma a ganina ya fi tifa goma amfani.

Sai dai karkatar ba ta dawwama, ƙafa na sake lotsa tsakiya. Shi ya sa suka fi dogara da dabara ta biyu. Hanya na gangarowa, sai a sa ta ɗan yi kwari mai faɗi sannan ta ɗan hau na wasu takuna, kafin ta ci gaba da sauka. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka in ya iso kwarin dole ya karkata ya fita ta gefe. Ka ɗauka kamar tozon bijimi ne aka shimfiɗa, amma mai tsawo, wanda babur zai hau ya sauka ba tare da an taka birki ba. Shawarar da suke bayarwa ita ce a riƙa yin irinsa a kowace mita 6 zuwa 15, gwargwadon tsananin gangara da irin ƙasa. Abin da wannan ke yi shi ne yanka doguwar hanya gunduwa-gunduwa. Maimakon jarka 400 su taru su fita ta ƙofa ɗaya a ƙasa, sai su fita ta ƙofa goma, arba'in-arba'in, kowanne bai kai ya yi ɓarna ba.

Akwai ɗan'uwan wannan da muke yi a nan, wato a gicciya gungume ko a jera buhunan yashi a tsakiyar hanya. Su ma sun yi zamanin gicciya gungume, yanzu sun rage, kuma dalilinsu kowa ya gani da idonsa a nan. Yashi na taruwa a bayan gungumen ya cike wurin cikin ruwa biyu uku, daga nan ruwa ya tsallake ya faɗo ta gaba kamar daga indararo, ya haƙa sabon rami. Mai babur kuma ba ya son karo, sai ya kewaye ta gefe, ya buɗe wa ruwa wata hanyar. Buhu kuwa rana ke cin sa, kafin kaka ya yage.

Na uku ya fi wuyar haɗiya, domin ya shafi inda hanyar ta bi tun asali. Suna da abin da suke kira ƙa'idar rabi: gangarar hanya kada ta wuce rabin gangarar tudun da take ratsawa. In tudu yana sauka mita 20 a kowace mita 100, to hanya kada ta sauka fiye da mita 10 a wannan tsawon. In ta wuce haka, ruwa zai ga hanyar ta fi masa sauƙi a kan ya tsallaka ta. Bayan wannan, suna so jimillar gangarar hanya gaba ɗaya ta tsaya wajen kashi 10 cikin 100. Hanyar da ta miƙe ɗoɗar daga kan tudu zuwa gindinsa, irin wadda mai sauri ke so, ita ce suka fi tsoro, don komai aka yi mata magudana ce. Maganinta a wajensu shi ne a rufe ta, a fitar da sabuwa mai kwana-kwana a jikin tudu.

A nan ne darasinsu ya fara cin karo da halin da muke ciki. Su a dajin gwamnati suke, hukuma ɗaya za su nemi izini a wajenta, kodayake izinin kan ɗau lokaci. Mu kuwa kowane taku a jikin tudu da mai shi, gado ne, akwai kabarin kaka, akwai bishiyar ɗorawa da 'yan'uwa biyar ke rabon kalwarta. Su in an yi ruwa sai su kafa allo su ce an rufe turba sai ta tsane, mahaya kuma su haƙura, tunda wasa ne. Mu wa zai ce wa mai naƙuda ta jira hanya ta bushe? Su ba garken shanu ke bin turbarsu safe da yamma ba. Don haka duk wanda ya kwaso ƙa'idojin nan ya ce zai dasa su yadda suke, zai sha kunya. Inda ba za a iya kauce wa gangara mai tsanani ba, abin da ya rage shi ne a yi wa hanyar sulke da dutse.

Wannan kuwa ba sai mun je Amurka koyo ba. Duk wanda ya hau tsaunin Tula, a yankin Kaltungo, ya ga yadda aka daɗe ana jera duwatsu a jikin tudu ana yin gonaki hawa-hawa, don ƙasa ta zauna ruwa ya rage gudu. A Sukur, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, akwai hanyoyin hawa dutse da aka shimfiɗe da duwatsu tun zamanin kakanni, suna cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999. Yadda masu keke ke yi ma kusan haka ne. Daga ƙasa ake farawa a hauro sama. A kafa babban dutse a gindi, a binne mafi yawansa, shi ne zai tokare sauran. Na bayansa a jera su a matse, kowanne ya jingina da na ƙasansa, a cusa tsakuwa a tsakani. In ka taka dutse ya motsa, cire shi ka sake zama da shi. Abin da muka saba yi, a watsa ƙananan duwatsu a rami a rufe da ƙasa, ruwa ɗaya ke tona asirinsa.

Ita ma ƙasar sai an san halinta. Damƙi ɗanya a hannu ka matse. In ta wargaje da ka buɗe hannu, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe siffa ba. In ta manne tana naso kamar ta maginin tukwane, laka ce, za ta yi santsi da damina ta tsage da rani, kamar baƙar ƙasar da ke wahalar da mutane a sassa da dama na kudancin Gombe. Wadda ake so ita ce mai dunƙulewa amma ta fashe in an latsa. Kuma da danshi ake aiki, ba cikin taɓo ba, ba kuma a ƙura ba. A zuba kaɗan a daddale, a ƙara a daddale. Tattakawa da ƙafa bayan an cika rami mai zurfin gwiwa, saman kawai ta taɓa.

Akwai wani ɓangare da gayyarmu ke wasa da shi, su kuwa ba sa wasa: washegarin guguwa ba ranar aiki ba ce, ranar dubawa ce. Mutum biyu ko uku ke fara bin turba, su ɗauki hoton kowace ɓarna, su sa alamar wurin a waya, sannan a zauna a ware abin da ke da haɗari, da abin da ke toshe hanya, da abin da zai iya jira. Hukumar dazuzzukan Amurka ba ta barin mai aikin sa-kai ya kunna injin yankan itace a dajinta sai ya yi horo ya samu shaida. Dalilin shi ne itacen da iska ta kayar ba kamar wanda aka sare ba ne. Reshen da ya danne yana lanƙwashe kamar baka, ana yanka shi zai ɗauke mutum. Gindin da ya tuge da saiwarsa, in aka raba shi da gangar jikin, yana iya komawa raminsa da ƙarfi, ya rufe duk wanda ke tsaye a wurin. Dogon yaron da ya faɗo a kan hanyarmu shi ma haka yake, amma sai ka ga yara sun hau kansa da adduna, manya na kallo. Ƙara da wayar lantarki da ta faɗo cikin rassa. Ƙara kuma da namu na musamman: yankin Kaltungo ba a banza aka kafa masa asibitin masu saran maciji ba. Kububuwa a ƙarƙashin dutse take kwanciya, aikin jera dutse kuwa ɗaga duwatsu ne daga safe har yamma. A fara juya dutse da diga, ta ɓangaren da ba ya fuskantar mutum, kuma silifas ba takalmin gayya ba ne.

Yanzu ga inda yawancin gayya ke mutuwa, kuma ba a kan hanya ba ne, a bakin hanya ne. Ka buɗe wa ruwa ƙofa goma, to kowace ƙofa gonar wani ko katangar wani take kallo. Ta fuskar aiki maganin sananne ne: a faɗaɗa bakin mafitar don ruwa ya bazu, a shimfiɗa duwatsu inda zai faɗa, a dasa jema ko gamba a layi a ƙasa da wurin, saiwarsu ta riƙe ƙasa, ganyensu ya tace yashi. Ruwan da ya shiga gona a baje, a hankali, alheri ne ga shuka. Amma je ka faɗa wa mutumin da aka taɓa binne wa masara haka. Shi abin da ya sani, an juyo masa ruwa. In ba a zauna da masu gonakin gaban mai unguwa an bi hanyar tare an nuna wa kowa ƙofarsa ba, da daddare wani zai fito da fartanya ya toshe tasa. Na ƙasa da shi ya ga ruwa ya ƙaru a wajensa, shi ma ya toshe. Kafin wata guda kwami ya dawo.

A ganina babban bambancinmu da masu keken nan ba na ilimi ba ne, na yadda aka ɗauki aikin ne. Gayyarmu biki ce. Sai ɓarna ta auku, a yi shela, mutum sittin su fito da shebur goma, a yi hayaniya, a watse, sai kuma wata ɓarnar. Ga ɗan siyasa da zai aiko da tifar ƙasa a sa hotonsa, don tifa ana ganinta, kankare gaɓa kuwa ba a gani. Su nasu aikin ranaku ne da aka tsayar a shekara, ana rarraba mutane ƙungiya-ƙungiya, biyar ko shida, kowace da jagoran da ya san abin da ake nema, kuma kafin a ɗaga diga sai an yi bayanin aikin da haɗarinsa. Mafi yawan abin da suke yi ma ba gyaran ɓarna ba ne, yashe mafitar ruwa ne kafin ta cike. In aka juya wannan zuwa kalandarmu, babbar gayya ta Afrilu ce ko Mayu, bayan yayyafin farko ya jiƙa ƙasa, kafin noma ya ɗauke hankalin kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan sai mutum biyu da fartanya bayan kowane ruwa mai ƙarfi, aikin da bai wuce awa ɗaya ba. Wanda kuma yake son ya san gaskiyar hanyarsu, ya ɗauki lema ya bi ta ana tsaka da ruwa. A nan zai ga inda ruwan ke shigowa, sau da yawa can sama ne, nesa da ramin da kowa ke nunawa.

Kada kuma a ɗora wa gayya abin da ya fi ƙarfinta. Garin Gombe yana kwance ne a gindin tudun Akko, kan ƙasa mai yashi, ruwa na gangaro masa daga yamma. Kwazazzaban da suka ratsa unguwanni suna cin gidaje sun wuce maganar shebur. Irinsu ne aka yi wa aikin kankare da kwandunan waya cike da duwatsu a ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa mai tallafin Bankin Duniya, kamar na wajen Jami'ar Jihar Gombe zuwa unguwar Malam Inna, sannan shirin da ya biyo bayansa, ACReSAL, ya ɗora da na wajen kwalejin ilimi ta tarayya. Haka ambaliyar da ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi a Agustan 2024, aikin hukuma ce. In rami ya fi tsayin mutum, ko gaɓarsa na zabtarewa, ko kansa na ci yana matsowa wajen gidaje, tura samari ciki ganganci ne. Abin da jama'a za su yi a nan shi ne su rubuta, su ɗauki hoto, su matsa wa ƙaramar hukuma da wakilansu. Amma yawancin kwazazzaban nan da ƙaramin layi suka fara, irin wanda mutum biyar za su iya kashewa da hantsi ɗaya.

Hanyar ƙauyenmu dai mun sake taɓa ta a farkon daminar da ta wuce. Ba mu sayi ƙasa ko kwano ɗaya ba. Mu goma sha huɗu ne, muka fara daga sama, inda muka tarar ruwan wasu gidaje uku da na wani fako duk a kan hanyar suke juyewa. Muka kankare gaɓa, muka yi tozo takwas, muka jera dutse a wuri mafi tsanani, tsawon kamar taku ashirin, wanda shi kaɗai ya ci mana Asabar biyu. Kawu ya sa aka kai masa kujera bakin hanya, yana nuni da sanda, yana cewa a ƙara zurfi nan, a rage can. Bakwai daga cikin tozayen sun yi aikinsu har kaka. Na takwas, na can ƙasa, yana kallon gonar mutumin nan da muka taɓa binne wa masara. Mai unguwa ya je da kansa, ya ce masa, "Malam, a yi haƙuri a gwada na bana kawai." Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gwada na wancan karon." Ya toshe mafitar da ƙaya da duwatsu. Daga nan zuwa bakin titi, wajen mita talatin, ramin na nan, kuma an ce za a sake zama da mai gonar bayan Sallah.